Ba Zan Buɗe Bakin Mai Tabo Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta ƙanwa ga yayanta, wadda nisa bai rage mata komai ba. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yaran, ya ƙara maka ƙarfi a wurin aiki, ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce yana hana ka sunkuyawa. Mu nan alhamdu lillahi kowa lafiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana hawa bene da kanta in ba mai kallonta. In kuwa ta hango mutum sai ta dafa bango tana nishi don a zo a kama ta. Likita ya rage mata gishiri, ita kuma ta ɓoye nata a gwangwanin allura, tana ganin ba mu sani ba. Matar Auta ta kusa sauka, ta yi nauyi sosai, muna ta addu'a Allah ya raba lafiya. Maigidana yana gaishe ka da kyau, ya kuma ce in gaya maka ba ruwansa da abin da zan rubuta, ko biron ma ba shi ya ba ni ba.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali waya na hannunka, tana hannuna. Dalilin ba shi da nisa: a waya ba ka taɓa bari na kai aya. Da na buɗe baki sai ka ce ka riga ka gane, ka yanke hukunci, ka ce a gaida Inna, ka kashe. Takarda kuwa ba a katse ta. Kana iya ninke ta ka cusa a aljihu, amma maganar na nan zaune tana jiranka har ka huce. Kawu ya zo ya isar da saƙonka, bai rage ko kalma ɗaya ba. Wai in fitar da namijin kifin da na karɓo a shagon Dogo daga ɗakin kifin Baba, in kama macen kifin nan Mai Tabo in buɗe bakinta in zubar da ƙwan da take riƙe da su, tunda na baƙon ne. In na ƙi, wai in miƙa makullin ɗakin, a kwashe tankunan, a ba Auta wurin ya zuba kayan gyaran motarsa. To ga amsata tun daga sama, don kada ka wahalar da idonka kana nemanta a ƙasa: ban buɗe bakin Mai Tabo ba, ba zan buɗe ba, makulli kuma yana ɗaure a bakin zanena. Sauran takardar bayanin dalili ne, ina roƙonka don girman zumunci ka karanta har ƙarshe.

Bari in tuna maka abin da ke ɗakin nan, don ka daɗe rabonka da shi, kuma na san mai ɗakinka za ta karanta bayan ka gama, ita da ba ta taɓa ganinsu ba sai a hoto. Kifin Baba kifin ado ne dangin karfasa, irin waɗanda masu shago ke kira sikilid. Tsawonsu bai fi yatsa ba, jikinsu ruwan ɗorawa, da baƙin layi a bakin fiffiken sama kamar an ja da kwalli. Da 'yan kaɗan Baba ya fara, a leda ya shigo da su tun ba a haife ni ba, kuma duk wanda ya taɓa iyo a gidan nan daga su ya fito. Uwa da ɗa, wa da ƙanwa, haka suka yi ta haihuwa a junansu, Baba bai taɓa yarda kifin waje ya shiga ba. Abin alfaharinsa ke nan, kai ma da shi kake alfahari yanzu. Su kifin nan ba sa barin ƙwai a ƙasa. Macen ce ke kwashe su a baki ta rufe, ta yi kusan sati uku ba ta cin komai, tana jujjuya su a maƙoshi har su zama 'ya'ya, sannan ta tofo su. Mai Tabo ita ce tsohuwar macen nan da dutse ya taɓa kuje wa gefen ciki. Yau ita kaɗai ta rage a cikin matan da ke haihuwa.

Ka tuna farin farantin tangaran da Baba ya hana a ci abinci a ciki? Duk lokacin da mace ta tofo 'ya'ya, sai ya ɗebi ruwa kaɗan a farantin ya zuba su, ya tsaya a bakin taga ya leƙa su, domin ta sama ake gane ko bayan kifi a miƙe yake. Har gobe haka nake yi, kuma shekarun nan abin da nake gani ba ya yi min daɗi. Wani bayansa a lanƙwashe, wani bakinsa a karkace ba ya iya ɗaukar abinci, wani murfin kunnensa bai kai ya rufe jan naman da yake numfashi da shi ba, wasu kuma su tsaya cak 'yan uwansu su girma su bar su. Da na faɗa maka, cewa ka yi rowa nake musu, wai ganye nake ba su kamar awaki. Yaya, ganyen shi ne abincinsu. A inda Allah ya halicce su, gansakukar jikin dutse suke yini suna kankara, hanjinsu dogo ne siriri, an yi shi don ganye ba don maiƙo ba. Ina sa duwatsu a bokiti a rana su yi gansakuka in sauya musu, ina turara alayyafo in daddatsa, ina ba su ƙwayoyin abincin ganye gwargwadon abin da za su cinye kafin in mai da murfin tanki. Rana ɗaya a mako ba na ba su komai don cikinsu ya huta. Ina rage ruwa in ƙara sabo, ina ware manya daga ƙanana kada ƙato ɗaya ya cinye rabon kowa. Abin da abinci ke iya yi wa kifi ya yi musu, amma bai taɓa miƙar da ƙashin da aka haifa a lanƙwashe ba. Baba ne ya koya min kiwon nan, kuma ban sauya ko ɗaya daga ciki ba.

Ba ka yarda ba, sai ka aiko da gwangwanin nan mai hoton jan kifi, wanda aka ce maka yana sa girma da launi cikin ɗan lokaci. Na karanta jikinsa, na shinshina, na ce maka na kifaye masu cin nama ne, na ɗora shi a saman kabad. Sai ka zagaya ka kira Auta. Na tafi jinyar surukata na bar masa amanar ɗakin, shi kuma ya bi umarnin babban yaya, safe da yamma yana zuba musu da cokali, yana ɗaukar hoto yana tura maka. Hotunan sun yi kyau, ban musa ba, har ƙananan da ba su isa yin launi ba sun yi. Da na dawo na tarar cikinsu ya kumbura, suna laɓe a bayan duwatsu, wani farin zare na bin su a baya maimakon kashi, ko kallon abinci ba sa yi. Na yi ta sauya ruwa har fatar hannuna ta tattare, na sa magani, amma kullum da safe sai na tsame gawa. Ɗan Gayu, babban namijin da Baba ya zaɓa da kansa, a tafin hannuna ya daina motsi. Matan da suka tsira ba su ƙara ɗaukar ƙwai ba har yau, sai faɗa da juna. Ban san me aka zuba a abincin nan ba, amma na ga aikinsa. Ka san abin da ya ceci Mai Tabo? A lokacin bakinta cike yake da ƙwai, tana ware a ƙaramin tanki ba ta cin komai. Ban kawo wannan don in ɗora maka laifi ba, na san da kyakkyawar niyya ka aiko, Auta ma har kuka ya yi, ƙato da gemunsa. Na kawo ne don ka san an gwada maganarka, kuma ga inda ta kai mu.

Yanzu zan faɗa maka abin da ba ka sani ba. Ba da mugunta aka ɓoye maka ba, kai ɗan fari ne, abu mai kyau ake nuna maka. Babban tankin falo ka sani, inda Baba ke ɗora ka a kujera ka leƙa, inda yake tara zaɓaɓɓu don baƙi su gani. Ni kuwa baho na sani. A ƙarƙashin bene, bayan tsohon keken ɗinkin Inna, akwai wani shuɗin baho da aka rufe da katako, da 'yar tiyon iska da Baba ya jawo ta jikin bango. Nan yake kai duk wanda ya faɗi a faranti. Masu kiwo da yawa kashe irin waɗannan suke yi, shi kuwa ba ya iyawa, sai ya ajiye su su ci su sha har kwanansu ya ƙare. Ni ce mai sauya musu ruwa tun ina 'yar makaranta, daga nan ma ƙarnin da kake tsokanata da shi ya samo asali. Ina ƙarama 'yan kaɗan ne a ciki. Lokacin da ka tafi sun fi na falo yawa. A shekarun Baba na ƙarshe sai da muka ƙara baho na biyu. Na taɓa ce masa mu nemo namiji daga waje, jinin ya yi kusa da yawa. Ya dube ni ya ce in dai yana numfashi ba baƙon da zai shiga ruwansa, ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Na yi masa biyayya har ya koma ga Allah. Amma yau zan faɗa da bakina, ko da za ka ce na yi rashin kunya: a wannan abu guda Baba bai yi daidai ba. Allah ya jiƙansa, ba ni da wanda nake so kamarsa, amma ni na ɗauki bokitin, na san abin da ke ƙarƙashin katakon.

Bayan ɓarnar gwangwani, mazan da suka rage duk 'ya'yan Mai Tabo ne, ba ɗaya da zan kalla ta sama in ce madalla. Ita kuma tsufa na kama ta, ƙwanta na raguwa. Ko in zauna ina gadin suna har ruwan ya zama wayam, ko in sa mayafi in fita. Na sa mayafi. Na san inda na je shi ya fi ƙona maka rai, don duk mun tashi muna jin Baba na cewa Dogo ɗan kasuwa ne ba mai kiwo ba. Shagon nasa na nan yadda ka san shi a lungun masu yanka gilashi, injin iska na gurnani a ƙarƙashin tebur, ƙasa kullum a jiƙe. Shi ne dai ya ranƙwafa, dogon ya zama suna kawai. Da ya gane ni ya share min benci da hularsa, ya yi wa Baba doguwar addu'a, sannan ya ce ai ya san wata rana ɗayanmu zai zo, sai dai mai wando ya yi tsammani ba mai zane ba. Ya nuna min wani namiji mai ɗaukar ido, na ce ba launi na zo nema ba. Na sa ya fito min da iyayen, na sa ya zuba ƙannen a roba na leƙa su ta sama, na bi asalinsu da tambaya har na tabbata ba su haɗa dangi da namu ba. Wanda na zaɓa irin namu ne sak, ba a gauraya shi da wani iri ba. Launinsa bai kai na Ɗan Gayu ba, layin fiffikensa ma siriri ne, amma bayansa a miƙe sambal, bakinsa daidai, cin ganyensa ba wasa. Dogo ya yi dariya ya ce wallahi Baba ne ya dawo sanye da ɗankwali. Na ware baƙon na makonni ina duba lafiyarsa kafin in haɗa su. Bai daɗe ba ya haƙa rami a yashi a gindin dutse yana karkaɗa jiki a gabanta, tsohuwa kuma ba ta tsaya jan aji ba.

Ranar da Kawu ya zo ina tsugune ina wanke soson tace ruwa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana tattare fararen kayansa kada su jiƙe, ya karanto min saƙonka tiryan-tiryan, ya ƙara da nasa, wai mace ba ta ja da yayanta a kan abin da uba ya bari, mutane za su ce gidan ba babba. Na gaishe shi da ladabi, na kawo masa ruwa, sannan na ɗauko 'yar raga da tsinken da ake buɗe bakin kifi na miƙa masa. Na ce masa ga ta can a ƙaramin tanki, aikin ba wuya. Zai kamo ta ya riƙe a jiƙaƙƙen hannu, ya sa tsinke ya ɓamɓare leɓenta na ƙasa, ya girgiza ta a ruwa har ta zubar, in ya so ya watsa a kwata. Ni dai hannuna ba zai yi ba. Kawu ya karɓi ragar ya sunkuya. Mai Tabo ta matso jikin gilashi, cikinta ya shafe don yunwa, maƙoshinta ya cika tam, in ka ƙura ido har kana hango baƙaƙen ɗigo ta cikin fatar, idanun 'ya'yan ke nan. Ya tambaye ni yaushe rabonta da abinci, na faɗa masa. Ya daɗe a sunkuye. Sai ga Inna ta sauko, ranar ba ta jira an kama ta ba. Ka san ba ta raga wa ƙanin nan nata. Ta ce masa in aiken ɗanta ne ya kawo shi, ya koma ya gaya wa ɗan nata ita ma ta taɓa ɗaukar cikinsa ba ta iya cin komai sai ruwan zafi, kuma ba wanda ya zo mata da tsinke. Kawu ya ajiye ragar a kan benci, ya nemi makulli sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa. Na ce yana bakin zanena, in zai kwance bismilla. Ya ce a'uzu billahi, ashe taurin kan gidan nan ba a wurin maza ya tsaya ba, ya tattara rigarsa ya fita. Na san a waya ya ce maka na yi masa tsageranci, to abin da ya faru ke nan ba ƙari.

Ba zan yi maka alkawarin ƙarya ba. Ban san yadda 'ya'yan nan za su fito ba. Launi ba ya bayyana sosai sai sun yi watanni, yana yiwuwa ya yi haske, yana yiwuwa baƙin layin da Baba ya ƙare rayuwarsa yana zaɓa ya sirance. In haka ta faru zan zaɓi mafi kyau in bi a hankali, haihuwa bayan haihuwa, da haƙuri irin nasa, kuma duk bayan 'yan shekaru zan sake shigo da baƙo, ka ji tun yanzu. Rabin jininsu na Mai Tabo ne, ita kuwa ta Baba ce, wannan rabin ne ya rage a ceta. Maganar ɗaki kuma, kana da haƙƙi a gidan nan kamar yadda nake da shi. In kun taru kun ce na Auta ne, ku faɗa min gaba da gaba, in kwashe tankunan ɗaya bayan ɗaya in kai gidana. Maigidana da ya ce ba ruwansa, na kama shi yana auna bangon falonmu da igiya. Auta kuwa tun ranar yake zagaye ni, in na shigo ta gaba ya fita ta baya, ban ga alamar yana son ajiye tayoyi a inda ya taya ni tsame gawar kifi ba. Bango da rufi kuna iya raba ni da su, amma a kan kifin ba na neman izinin kowa.

Kuma Yaya, kada ka zaci ban gane abin da ke ranka ba. Ba ka samu ganin Baba a kwanakinsa na ƙarshe ba, ka iso an riga an dawo daga maƙabarta. Na gan ka ranar. Ba ka shiga ɗakinsa ba, gaban tankin falo ka je ka tsaya, ka daɗe kana kallo ba ka san ina bayanka ba. Tun daga lokacin kake so komai ya tsaya yadda ya bar shi, kujerarsa a inda take, rediyonsa a kan taga, kifinsa ba gauraye. Kujera da rediyo na bar maka su, ina goge musu ƙura duk mako. Kifi kuwa abu ne mai rai, ba zai tsaya wuri ɗaya don mu ji daɗi ba. Ina kewar Baba duk lokacin da na ɗaga murfin tanki, har yanzu in na zuba abinci sai in ji kamar zai ce daga bayana ya isa haka. Ni ma ba abin da ya rage min nasa sai ruwan nan, shi ya sa ba zan zuba ido ya mutu a hannuna don kawai a ce na yi biyayya ba.

Nan na tsaya rannan, aiki ya taso, takardar ta yi kwanaki a ƙarƙashin matashi. Gara da ban aika ba, don yau da hantsi Mai Tabo ta buɗe bakinta da kanta. Na shigo da bokiti na tarar da ita a kusurwa, 'ya'yan sun yi gungu a gabanta kamar ƙwayoyin shinkafa masu ido. Da ta ga inuwata ta shiga kwashe su, na ja baya har ta natsu ta sake tofo su. Na mai da ita wani tankin na ba ta alayyafo, ta kusa haɗawa da yatsana. Sannan na ɗauko farantin Baba. Na ɗebi ruwa kaɗan a ciki na zuba 'ya'yan. Na tsaya a bakin taga inda yake tsayawa, na bi su ɗaya-ɗaya da ido, na juya farantin na sake bi. Akwai wani ƙarami da ya fi sauran sanyin jiki, shi zan sa masa ido. Amma baya, Yaya, kowanne a miƙe yake kamar allura. Na kira Inna, ko da yake idonta ba ya ganin ƙananan abubuwa irin wannan. Ta tambaye ni nawa za a kai ƙarƙashin bene, na ce babu. Ta zauna a kan benci. Can ta ce min duk ranar da Baba ya yi duban faranti ba ya iya cin abincin rana, ita ce ke mai da kwanon a rufe, shekara da shekaru, bai taɓa faɗin dalili ba, ita ma ba ta taɓa nuna ta sani ba. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce in je in ci abinci.

Za ka ji wani ɗan abu mai tauri a cikin ambulan, a naɗe a ƙyalle. Ka buɗe a hankali kada ya karye. Ɗaya ne daga mazauna bahon, ya mutu da kansa makon jiya, na shanya shi a taga ya bushe. Ɗan Mai Tabo ne da Ɗan Gayu, babu ɗigon jinin baƙo a jikinsa, shi ne kifin Baba tsantsa da kake so in riƙe maka. Ka nemi farin faranti a kicin ɗinku ka ɗora shi, ka je bakin taga ka dube shi ta sama. In ka gama ka kira ni, wannan karon ni zan yi shiru in saurare ka har ka kai aya.

Ka gaida min mai ɗakinka, ka ce na gode da man shafawar da ta aiko, sai dai har yanzu bai ci ƙarfin ƙarni ba. Ka shafa min kan 'yar lelenka mai wushirya. Takwaran Baba kuma ka ce masa gwaggonsa ta ajiye masa kujerar leƙen tanki, amma in kun zo ba falo kaɗai zan nuna masa ba, har ƙarƙashin bene zan kai shi. Inna tana sa muku albarka. Auta da matarsa suna gaishe ku, Kawu ma duk da haka yana gaisuwa. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ba ta jin kira amma tana sonka,
Mai Ƙarni